Yadda Na Saci Muryar Alhaji

Ni ba ɗan gidan ɓarayi ba ne. Mahaifina manomin rake ne a wani ƙauye kusa da Makarfi, mutumin da ko kara ya tsinta a hanya sai ya nemi mai shi. Na yi allo, na yi boko har inda ƙarfin gida ya kai, na dawo ina taya shi gona. Abu ɗaya Allah ya ba ni wanda bai ba 'yan'uwana ba, shi ne kwaikwayon murya. In na ji mutum ya yi magana sau biyu, to na ɗauke shi. Ladanin unguwarmu, kwandastan motar Zariya, mai tallan maganin basir da lasifika, har akuyar maƙwabta, duk suna cikin maƙogwarona. In na fara a majalisa, sai an roƙe ni in daina don cikin mutane ya ƙulle. Ina son dariyar nan fiye da tuwo. Ku riƙe wannan, samari, domin daga nan aka fara.

Da na yi aure na gane dariya ba ta cefane, sai wani kawuna ya kai ni aiki wurin wani attajiri a Ikara. Ba zan faɗi sunansa ba, abin da na yi wa sunan ya isa. Alhaji kawai zan ce. Yana sayen masara da waken suya da barkono da mazarƙwaila, yana sayar da taki, yana da sito a Ikara da Makarfi da Kudan. Amma jarinsa na gaskiya ba a sito yake ba, a bakinsa yake. Alhaji zai ɗaga waya ya ce wa manomi a Paki, "Malam, a loda wa direba kaya, ma haɗu ranar kasuwa," kuma a loda, babu takarda babu shaida. Shekara da shekaru bai taɓa saɓawa ba. Ni kuwa aikina awo da ɗinkin buhu.

Matsalar Alhaji ita ce wayoyi. Uku ne a aljihunsa, kowane sito kuma da tasa. In ɗaya ta yi ƙara sai ya zaro su duka yana kara kowace a kunne yana sallama. Mai neman taki a Kudan ya kira Makarfi, mai neman direba ya kira gida ya tashi Hajiya daga barcin rana. Ana haka babban ɗansa, wanda kowa ke kira Abba, ya gama karatu a Zariya ya dawo da kwamfuta a jaka da dabara a ka. Ya ce za a mayar da wayar kasuwancin kan intanet. Tsohuwar lambar Alhaji, wadda kowa ya haddace, ita za ta zama ta kowa. In an kira ta, na'ura ce za ta raba: Ikara danna ɗaya, Makarfi biyu, Kudan uku. Kowane ma'aikaci a sa masa manhaja a wayarsa ya amsa daga duk inda yake, in kuma shi ya kira wani, lambar Alhaji ce za ta fito.

Alhaji ya tambaya a wane ɗaki za a ajiye injin. Abba ya ce babu inji, komai yana cikin gajimare. Alhaji ya leƙa ta taga ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce, "To, to, babu laifi. Allah ya sa kar ya zubo mana da damina."

Tsakani da Allah abin ya yi aiki. Sai dai Abba ya manta da irin mutanen da za su kira. Muryar da ya sa a na'urar ta wata yarinya ce mai saurin baki. Dattijo zai kira ya yi sallama, ya ce ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa, ita kuwa ta ce, "Idan Ikara kake nema, danna ɗaya." Ya sake gaishe ta, ta maimaita. Wani tsoho ya hau keke tun daga Paki, ya iske Alhaji, ko zama bai yi ba ya ce, "Alhaji, 'yar wa ka ɗauka aiki? Ina gaishe ta tana ce mini in danna. Ni fa sa'an kakanta ne!"

Aka yi shawara a sa muryar Alhaji da kansa tana amsa gaisuwa. Abba ya kara masa waya a baki, sai ga Alhaji ya rikice. Mutumin da ke cinikin tirela guda a tsaye, ya kasa cewa lafiya lau. Ya yi tari, ya ce, "An fara ɗauka?" Ya yi gyaran murya, ya sake tambaya. Ina gefe ina ɗinke buhu, shaiɗan ya mintsine ni, na gyara maƙogwaro na ce, "To, to, babu laifi, lafiya lau, madalla." Sito ya yi tsit, sannan aka fashe. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Ja'iri! Kai yi musu, ka hutar da ni." Da bakinsa ya ba ni aron muryarsa, don gaisuwa kawai.

Na ɗauki gaisuwar da giɓi a tsakani, yadda mai kira zai sa tasa: wa alaikumus salam, a ɗan jira, lafiya lau, a ɗan jira, to madalla. Kowa na ta yabawa, har ranar da wani makiyayi daga wajen Gazara ya kira hankali tashe ya ce saniyarsa ta faɗa rijiya ta mutu. Na'ura ta jira ya gama tsaf, ta ce masa, "To madalla." Sai da Alhaji ya je har gida ya ba shi haƙuri. Daga nan aka cire gaisuwar, aka ce mutum mai rai ya zauna yana amsawa yana tura kowane kira inda ya dace. Aka ɗauke ni daga kan buhu, aka ba ni kujera da fanka.

Dattawa kuwa ba ni suke so ba. Kowa ya kira, "A ba ni Alhaji." Alhaji kuma yana masallaci, ko gona, ko kan wani layin. Ran nan wani ya nace, na ce masa, "To, ga shi." Na ɗan yi shiru, na ja kujera ta yi ƙara, na yi tarin Alhaji. Muka gaisa har da tambayar jikoki, ya yi godiya ya kashe yana murna. Na ce a raina ai taimako na yi, mutum ya ji daɗi, Alhaji ya huta. Kafin wata ya zagayo na zama Alhaji fiye da shi kansa. Na sasanta rikicin iyakar gona. Na ba wani shawara ya sayar da jakinsa. Na yi wa wani ƙauye alkawarin kwanon masallaci, don kawai na ji daɗin addu'ar da suke zuba mini.

Sata ta farko da zabi ta shigo. Wani manomi a Kudan ya ce, "Alhaji, na kama maka 'yan zabi biyu, ina za a kai?" Da na ce Ikara, da shi ke nan. Sai na ji bakina ya ce a ajiye wa mai shayi a tasha, za a zo a karɓa. Matata ta tambaye ni daga ina, na ce kyauta ce daga wurin aiki. Ban yi ƙarya duka ba, kuma irin wannan rabin gaskiyar ta fi ƙarya saurin kai mutum rami. Daga zabi aka koma kwanon gyaɗa, daga kwano aka koma buhu. Na daina jiran a kira, ni na fara kira. Ina zaune a ɗakina, ƙafa ɗaya kan ɗaya, lambar Alhaji ta fito a wayar manomi, muryar Alhaji ta shiga kunnensa: "Malam, a loda wa direba, ma haɗu ranar kasuwa." Direban kuwa wani abokina ne mai a-kori-kura, kayan kuma wata kasuwa can nesa suke nufa.

Ranar kasuwa manomi zai zo ya tsuguna ya ce, "Alhaji, maganar kayan nan." Alhaji ya ce wane kaya. Manomi ya zaro waya ya nuna masa lamba, ya ce, "Da kunnena na ji ka, har tari ka yi." Alhaji ya dubi lambar, ya ce, "In na faɗa, na faɗa." Ya biya. Bai taɓa zargin kowa ba sai kansa. Ya ɓoye wa Abba don kar a ce lokacin sauka daga kujera ya yi. Ya je kemis neman maganin mantuwa, ya koma cin zabibi da zuma da safe. Har kwanon masallacin nan sai da ya saya. Wata rana ya ja ni bayan sito ya rage murya ya ce, "Don Allah in ka ji na yi wa wani alkawari a waya, ka riƙa tuna mini. Tsufa ya zo, kaina ya fara yoyo." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Na ji kunya ranar, ba zan ɓoye muku ba, har abincin rana ya gagare ni. Da la'asar kuma na kira Kudan na sa aka loda barkono.

Wadda ta kama ni ba ta san ko sunan intanet ba. Gwaggon Alhaji ce, yayar mahaifinsa, tsohuwa tukuf da ke zaune a Gazara. Jikarta ta danna mata lamba, kira ya faɗo wurina. Ta ce a ba ta yaron nan, wato Alhaji mai furfura. Ya kamata in tura masa. Amma na riga na ruɗu da kaina, ina ganin ko uwar da ta haife shi ba za ta bambance mu ba. Na ja kujera, na yi tari, na ce, "Gwaggo, ina wuni." Muka gaisa lafiya lau. Ta ce yaya yara. Don in nuna gwaninta sai na ce, "Duk lafiya, Gwaggo. Haruna ma ga shi nan a ofis yana ta fama da kwamfuta."

Haruna shi ne sunan yanka na Abba. A manhajar wayarmu haka aka rubuta layinsa, kullum ina ganinsa, har ya zauna mini a baki. Abin da na manta shi ne Abba ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin Alhaji ya ci. Tun ranar suna Alhaji bai taɓa furta sunan nan ba. "Yaron can" yake cewa, ko "mutumin naku". Ko wani baƙo mai wannan suna ya zo sayen taki, Alhaji sai dai ya ce masa mai sunan Malam. Na haddace tarinsa da dariyarsa da duk abin da yake faɗa, ban taɓa lura da abin da ba ya faɗa ba. Gwaggo kuwa ta lura. Can na ji ta ja salati, ta ce wa jikarta wani abu da Fillanci, waya ta mutu.

Washegari da hantsi sai ga ta an sauke ta a bakin sito, da kwalbar rubutu da ƙullin hayaƙi da wani malami a baya. Ana tsakiyar awo, ta ratsa mutane ta kama kunnen Alhaji. Ta ce, "Ko ka fita daga jikin ɗana, ko in ƙona ka!" Alhaji ya durƙusa yana cewa, "Gwaggo, lafiya? Me na yi?" Ta ce jiya ya kira sunan ubansa gatsau, kuma ɗan da ta goya ba zai yi haka ba sai in aljani ne ya hau shi. Alhaji ya yarda ya manta masara, ya yarda ya manta barkono, amma wannan ya rantse har da hawaye bai yi ba. Ya ce ko hauka yake, harshensa ba zai ɗauki sunan nan ba. Sai Abba ya ce a dakata, ai duk kiran da aka yi a lambar nan ana ajiye shi. Ya buɗe kwamfuta ya kunna. Sito ya cika da muryar Alhaji tana gaishe da Gwaggo. Alhaji ya saurara baki buɗe, ya ce, "Wallahi ni ne. Amma wallahi ba ni ba ne."

Ban jira Abba ya duba layin wa ya amsa ba. Na ce zan kewaya, na jefa wayata a masai, na haura katanga, ƙafa me na ci ban ba ki ba. A tashar Makarfi aka riƙe ni ina cinikin kujerar mota. A ofishin 'yan sanda na murje ido na ce a kawo shaida, ni ko waya ba ni da ita. Abba ya ce, "Ba a wayarka suke ba, suna cikin gajimare." Na leƙa waje, ana tsakiyar rani, sama fes. Na ce, "Yallaɓai, ku duba da kanku, ina gajimaren yake?" Ɗan sandan ya ce in bari, zan gan shi a kotu.

Na kuwa gan shi. Zabin nan, gyaɗar nan, jakin da na sa aka sayar, babu wanda bai zubo ba. Alƙali ya saurara, ya dubi Alhaji, ya dube ni, ya ce shi bai yarda ba sai na yi a gabansa. Na gyara tsayuwa na ce, "To, to, babu laifi." Kotu ta kaure da dariya, alƙali ya rufe fuska da takarda kafaɗunsa na rawa. Ku ji irin lalacewar da na yi: ina cikin akwatin masu laifi, ankwa a hannu, amma sai da na ji daɗin dariyar nan. Da na waiwaya na ga mutum ɗaya ne bai yi ba. Alhaji yana zaune a benci kansa a ƙasa, yana juya hularsa a hannu. Aka yanke mini ɗauri, abokina mai a-kori-kura ma ya biyo ni.

A gidan yari labari ya riga ni shiga. Kowa so yake in yi masa gandiroba, in yi masa alƙali. Na yi na 'yan kwanaki, ana ba ni ragowar gabza, sannan abin ya fita raina. Duk sanda na buɗe baki sai in tuna mutumin nan a bayan sito yana roƙona in riƙa tuna masa alkawuransa. Matata ta koma gidansu da goyo. Mahaifina bai zo ba ko sau ɗaya, ya aiko a gaya mini ba fushi yake ba, fuskar shiga gari ce ba shi da ita. A can na koma salla a kan lokaci, na roƙi Allah gafara, na kuma ɗaura niyya in na fita ba zan kwana ko'ina ba sai na tsuguna a gaban Alhaji.

Da damina aka sake ni. Na isa Ikara na tarar wayar intanet tana nan daram, har an ƙara layin direbobi, mai amsa kira kuma wata baiwar Allah ce mai doguwar gaisuwa. Na'ura ba ta yi laifin komai ba. Alhaji ne ba ya nan, aka ce ya tafi Paki a kan mashin. Na ce lafiya, da wannan ruwan? Ma'aikatan suka dube ni, suka koma kan aikinsu. Sai bayan azahar ya dawo, babbar rigarsa duk taɓo, yana dafa gwiwa kafin ya sauka. Na zube a gabansa na ce, "Alhaji, ka yafe mini don Allah." Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Kai ne? To ai na yafe tun kana ciki. Kaya Allah ya mayar. Zauna ka ji wani abu."

Ya zaro waya ya kira wani manomi a Kudan, mutumin da suka yi shekaru suna hulɗa, ya buɗe murya yadda zan ji. Suka gaisa. Alhaji ya ce a loda wa direba masara, sa haɗu ranar kasuwa. Mutumin ya ce, "Alhaji, ba wai na ƙi ba ne, Allah ya sani. Amma in dai kai ne, ka daure ka zo mu ga juna." Alhaji ya ce, "To, babu laifi." Ya kashe wayar, ya gyara hula ya miƙe yana neman ɗan acaɓa. Da ya zage ni, da ya mare ni, da na fi samun sauƙi. Na ce, "Alhaji, bari in kai ka." Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini makullin mashin ɗin sito. Ya ce, "Kai ni. Amma a hanya kar in ji bakinka."

Yau aikina ke nan. Ikara zuwa Kudan, Kudan zuwa Makarfi, cikin ruwa cikin rana, ina ɗauke da dattijon da a da yake gama cinikinsa daga kan tabarma. Ina jin nishinsa a bayana duk ramin da muka faɗa.

Don haka samari, ku da waya ba ta barin hannunku, ku ji daga bakin wanda ya gani. In an ba ku amanar lambar wani, ko sunansa, ko bakinsa, ku yi abin da aka ce kawai ku tsaya nan. Kada ku ce ai wasa ne, ai taimako ne, ai zabi ne kawai. Ranar da kuka ji zuciya ta ce babu wanda zai gane, ku ajiye wayar ku fita ku sha iska. Ni na yi zamana na fito, an ce na biya. Shi kuwa Alhaji, wanda bai ɗauki ko ƙwayar masarar kowa ba, gobe ma da sassafe zai hau bayana mu tafi Paki, ya nuna wa mutanen da suka san shi tun yana saurayi cewa shi ne.